Sai-Ta-Huce

A tasha babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka sa masa. Tun yana da baƙin gashi ake ce masa Sai-Ta-Huce, har ya yi furfura, har jikokinsa suka taso suna zaton sunansa ke nan na gaskiya. Direban bas ne, irin ƙananan nan masu jigilar mutane tsakanin gari da unguwannin bayan tudu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwarsa ta hagu ta ƙare a taka kuloci, shi ya sa in ya sauko daga mota yake ɗingishi. Ba shi da yawan fara'a, ba shi da rediyo a mota, kuma yaran mota ba sa daɗewa a hannunsa, don bai iya lallashi ba kuma bai yi niyyar koyo ba.

Sunan ya samo asali ne daga motarsa ta farko, wata akwala da ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunsa. Duk sa'ad da ta kama hawan tudun da ya raba gari da unguwanni, kafin ta kai ƙarshe lagireto ya fara tafasa, dole ya gangara gefen titi ya kashe ta. To Allah da ikonsa, daidai inda take gajiya, nan ne kurmi ya matso har bakin kwalta. Dogayen itatuwa ne masu kauri, rassansu sun sarƙe a sama, ƙarƙashinsu da duhu-duhu ko da rana tsaka. Wata iska ce ke fitowa daga ciki, mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko da kuwa gari ya ɗauki zafin da kare ke rasa inda zai sa kansa. Fasinja su yi ta mita suna tambayar yaushe za a tashi, shi kuma amsarsa ɗaya ce: sai ta huce.

Daga baya ya sami mota mai lafiya, wadda ke haye tudun ko tari ba ta yi. Amma bai daina tsayawa ba. Ya ce ƙafarsa ce ta saba da birki a wurin, shi ba ruwansa. Ba wata doguwar tsayuwa ba ce, gwargwadon mutum ya share gumi ya ja numfashi ya sauke. Waɗanda suka saba shiga motarsa har sun san abin: masu goyo su sassauta zani, tsofaffi su cire hula, masu faɗa kan canji su ajiye faɗan sai an tashi. Baƙo ne kawai ke zage-zage, shi ma in iskar ta doke shi sai zagin ya fara rage ƙarfi. Abin mamaki, duk tsawon shekarun nan Sai-Ta-Huce bai taɓa sa ƙafarsa cikin kurmin ba. Shi mutumin titi ne, abin da taga ta nuna masa shi ya sani, kuma ya ishe shi.

Wata rana ya tsaya kamar kullum, sai ya ga an kakkafa turaku masu jan kai a gindin itatuwa, ga wasu mutane da huluna masu tauri suna leƙa wata na'ura mai ƙafa uku. A kujerar gaba akwai Malama, mai koyar da kimiyya a sakandaren bayan tudu, wadda kullum motarsa take jira don ta ce ita kaɗai ce ba ta sa ta addu'ar neman tsari. Ita ta warware masa zance. Mai filin ya rasu, magadansa suna can nesa, ba su san kurmin ba sai a takarda, kuma wani kamfanin gina gidaje ya yi musu tayi. Ta ce a duk faɗin yankin wannan ne kurmi na ƙarshe irinsa. Can ciki akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, kewaye da wasu itatuwa da ba a ƙara samun irinsu a kusa, da tsuntsayen da ba sa sheƙa ko'ina sai a kansu. Irin wannan wuri ba dasa shi ake yi ba, in aka sare shi ya tafi ke nan. Ita da wasu abokan aikinta sun kafa 'yar ƙungiya, sun roƙi magada su jinkirta, magada sun ce sun ba su zuwa ƙarshen damina, in sun kawo abin da kamfani zai bayar, nasu ne. Tana faɗa tana dariyar da ba ta daɗi ba, don ta san albashin malamai, ta kuma san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ya tada mota ya kai kowa inda za shi. Amma ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran mutumin da aka shiga ɗakinsa ba sallama.

Washegari aka ga wani tsohon galan na baƙin mai ɗaure da waya a bayan kujerarsa, an tsaga masa baki da wuƙa. Da aka iso bakin kurmi ya kashe mota, ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya bari iskar ta shiga ta gama gaisawa da kowa. Sannan ya yi jawabin da shi ne mafi tsawo a rayuwarsa zuwa wannan ranar.

"Wannan iskar da kuke sha, sayar da ita za a yi. Mai son ta tsaya, ga galan."

Iyakar abin ke nan. Bai ƙara wa jawabin kalma ba a ranar, bai ƙara ba a sauran watannin. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi, wani mai kwat ya tambaye shi ko yana da izinin karɓar kuɗin jama'a, ya ce masa shi ma mai kwat ɗin yana da izinin shan iskar? Wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta jefa 'yan sulallanta, suka yi ƙara a cikin galan ɗin da babu komai. Duk yamma sai ya kai wa Malama shi a ɗaure, ta buɗe gaban mutanenta, ta mayar masa da abinsa. Bai taɓa tambayar nawa aka samu ba, ya ce shi ɗauko kaya ne aikinsa, ba lissafi ba.

A gida kuwa uwar 'ya'yansa ta same shi. Mace ce mai sana'ar ƙanƙara, tana da firiza biyu a zaure da baki ɗaya wanda ya fi su aiki. Ta ce ikon Allah, mutumin da ko a aurar da 'yarsa bai iya buɗe baki ya yi wa baƙi godiya ba, yau shi ne ya koma roƙo a titi da tsufansa. Ta tambaye shi ko kurmin na ubansa ne. Ya ce da na ubansa ne ai da bai roƙi kowa ba, da sanda zai ɗauka. Ta ce to Allah Ya ba da sa'a, amma ya sani ita ba ta dafa inuwa.

Matsalar gaske daga tasha ta ɓullo. Shugaban direbobi na lokacin tsohon yaron motarsa ne, shi kaɗai ne ya taɓa jure masa har ya koyi tuƙi a hannunsa, kuma har ya zama shugaba bai daina ce masa Maigida ba. Kamfanin ya riga ya zauna da shugabannin tasha, ya nuna musu zanen gidaje jere-jere, ya ce duk mai gida a ciki fasinja ne, kuma za a ware musu wurin lodi mai rumfa. Saboda haka galan ɗin nan ya tsaya musu a wuya. Aka fara cin sa tara, wai yana ɓata wa fasinja lokaci. Ya biya, ya tsaya. Aka ƙara, ya biya, ya tsaya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai Shugaba ya kira shi ofis, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye kan girman da yake ba shi da yadda ake matsa masa daga sama.

"Maigida, don Allah ka rufa mini asiri. Ka cire galan ɗin nan, ka daina tsayawa. In ba haka ba, dole in cire ka daga layi, kuma wallahi ba na so."

Sai-Ta-Huce ya shanye ruwan, ya ajiye kofin. Ya tambaye shi ko ya tuna lokacin da yake yaro, in akwala ta tsaya a wurin nan, wa ke rigan kowa sauka ya miƙe a inuwa har sai an tashe shi da ƙafa. Shugaba ya sunkuyar da kai ya ce ya tuna.

"To cire ni," in ji shi. "Titi ba naka ba ne."

Haka ya bar tashar da ya shiga tun bai iya ɗaure wando da kyau ba. Ya koma tsintar fasinja a bakin hanya, yau 'yan kamasho su kore shi nan, gobe su kore shi can. Wanda bai san aikin mota ba ba zai gane zafin wannan ba. Mai layi ya san ko ba jima ko ba daɗe motarsa za ta cika, maras layi kuwa sai ya ƙone mai yana yawo da kujeru. Samu ya ja baya, tayoyi suka suɗe ba halin canji, cefane ya koma kan firizan uwar 'ya'ya. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba. Ranar da ta buɗe baki kuma, cewa ta yi tunda ya riga ya zubar musu da mutunci, to ya samo mata galan ita ma ta ajiye kusa da firiza, don masu sayen ƙanƙara sun fi kowa sanin darajar sanyi.

Sannu a hankali abin ya fara yaɗuwa. Wasu fasinjoji suka riƙa fitowa daga tasha suna takowa har bakin hanya su jira shi. Galan ya bayyana a shagon aski, ya bayyana a kemis, ya bayyana wurin mai faci. Direbobin da ke danna masa ham na tsiya in sun wuce shi a bakin kurmi, wasunsu in sun haɗu da shi a gidan mai sai su dunƙule wani abu su tura masa ta taga, su ce kada ya faɗa. Malama da mutanenta ba su zauna ba su ma: sun shiga gidan rediyo, sun bi ofisoshi har takalmansu suka gaji, sun samo wata ƙungiyar masu kare daji daga nesa da ta yi alkawarin ɗora nata a kan duk abin da aka tara. Da yayyafi kogi kan cika, haka ake cewa. Sai dai ba kowane kogi ne ke cika kafin damina ta wuce ba.

Damina ta wuce, kuɗi bai kai ba. Bai ma yi kusa ba. Lauyan magada, da ya ga yawan mutanen da suka sa hannu, bai so a ce shi ya kore su hannu wofi, sai ya kawo shawara a raba filin. Abin da aka tara zai iya sayen ɗaya cikin biyu. Ko siririn yankin da ke bakin titi, mai tsada saboda kwalta, ko kuma can ciki, inda idon ruwa yake, mai faɗi amma ba hanyar mota sai 'yar turbar ƙafa. Wanda suka bari kamfani zai ɗauka. Kuma kada wani ya yi tunanin in an riƙe bakin titi an toshe musu hanya, don suna da fili ta gabas, ta can za su shigo da katafila.

Aka kira taro a wani aji na makarantar Malama bayan an tashi ɗalibai. Manya-manyan mutane suka takure a kan bencin yara, gwiwoyi na taɓa haɓa. Kusan kowa bakin titi yake so, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Shi mutane suka gani suka ba da kuɗinsu. A nan za a kafa allo kowa ya san jama'a sun yi abin kirki. Mai kemis ya ce in aka sayi abin da ido ba ya gani, gobe za a ce an cinye kuɗin. Mai aski ya miƙe ya ce ko don Baba Sai-Ta-Huce ma ya kamata a riƙe wurin, mutumin da ya rasa layinsa saboda inuwar nan, a ce kuma a bar shi ba layi ba inuwa? Aka yi ta gyaɗa kai. Malama tana gefen allo tana murza alli a hannu har ya zama gari, tana ganin ba ta da bakin da za ta ce wa tsohon nan ya haƙura da abinsa.

Sai-Ta-Huce ne da kansa ya juya ya tambaye ta. Ya ce ta faɗa masa tsakani da Allah, in an riƙe bakin titi an bar ciki, me zai faru. Ta ce za su cike idon ruwan su yi gini a kai, kuma itatuwan bakin titin ma daga can suke sha, za su yi 'yan shekaru suna tsaye sannan su fara bushewa daga sama. Ya ce in an riƙe ciki fa. Ta ce ciki zai rayu. Sai mai aski ya ce, Baba, ka dai yi tunani, can ɗin ba mota ke zuwa ba, kai kuma da wannan gwiwar taka ba za ka taɓa kaiwa ba, katanga za su ja, ko ganinsa ba lalle ka yi ba.

Tsohon ya dafa benci ya miƙe da ƙyar.

"Shi ya sa nake son sa. Wurin da mota ba ta shiga, ko tawa. Ni na ce a taimaka iska ta tsaya, ban ce a saya mini wurin hutawa ba."

Ba a yi tafi ba, don ba maganar tafi ba ce. Aka ɗaga hannuwa, ciki ya rinjaya. Ya fita ya bar su suna maganar takardu. A gida ranar bai taɓa abincinsa ba, uwar 'ya'ya kuma, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, ta ɗauke kwanon kawai ta rufe ta ajiye masa.

Ba a daɗe ba masu zarto suka iso. Ya so ya canza hanya, amma hanyar ɗaya ce. Kullum sai ya wuce ya ga an kwantar da wani itacen da ya san shi tun yana saurayi, wanda ya san inda reshensa ya karkace da inda tsuntsaye ke taruwa a kansa. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Ya sha binne abokai bai ji irin wannan ba, kuma bai ji kunyar faɗa wa kansa haka ba. A makonnin nan bai tsaya ba ko sau ɗaya, wucewa yake yi idonsa na kan kwalta. Aka kwashe gungume, katafila ta baje wurin, aka jibge yashi da bulo. Tun siminti bai bushe ba wakilin kamfani ya fara bin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu me za su yi da daji a bayan katanga, ba shinge ba mai gadi, su kawo a saya da daraja tun kafin ɓarayin itace su gama da shi.

A wurin bakanike Shugaba ya same shi, yana zaune a kan tsohuwar taya ana ɗaure masa salansa da waya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa jajen abin da ya faru, kuma da gaske yake. Ya ce tunda yanzu magana ta ƙare, babu sauran abin tsayawa, Maigida ya dawo layinsa, shi ma ya samu ya yi barci. Sai-Ta-Huce ya dube shi bai ce komai ba. Shugaba ya ɗauki shirun nan a matsayin amincewa, wanda kuwa duk ya yi zaman yaron mota a hannun mutumin nan bai kamata ya yi wannan kuskuren ba.

Lodinsa na farko bayan ya koma layi ya faɗo da rana tsaka. Mota ta cika maƙil, har da kaya a kan cinyoyi. Ta haye tudun lafiya lau. Da aka iso wurin, sai ya sa sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe ta.

Babu inuwa ko ta tafin hannu. Jar ƙasa ce shimfiɗe, da tarin bulo, da ƙarafan gini suna ƙyalli. Zafi ya sauko a kan rufin motar ya shigo ta kowace taga. Can nesa, bayan katangar da aka fara ɗagawa, kawunan itatuwan ciki ne suka leƙo, duhu-duhu, ba su san ma abin da ake ciki ba. Nan da nan mota ta kaure da surutu. Wani ya ce mota ta lalace ne, wani ya ce a'a, direban ne ya lalace. Jariri ya fara kuka. Wata matashiya da ke bayansa, gumi na bin wuyanta, ta ce, Baba, don girman Allah, kashe mu za ka yi da zafin nan?

"Ba ni na kawo shi ba, 'yata," ya ce, bai juyo ba. "Da ina tsayawa ku ji abin da kuke da shi. Yanzu ku ji abin da aka yi muku. Ga sauran can, shi ma nemansa suke."

Mutane suka juya suka dubi inda ya nuna. Surutun ya ragu, ba don sun huce ba, sai don zafin ya fi ƙarfin magana. Gumi na gangaro masa cikin ido, bai share ba. Wata motar tasha ta zo wucewa ta rage gudu, direbanta ya leƙo ya gan shi, ya girgiza kai, ya ɗauki waya. Sai-Ta-Huce ya san kafin ya sauke wannan lodin labari ya kai ofishin Shugaba, ya kuma san gobe ba shi da layi. Ya zare makullin ya sa a aljihu.